Yadda zuhudun Kirista ya soma a hamadar Masar

Larabawa suna ce musu ruhubanawa, Hausawa kuwa ƴan zuhudu. Wanda ya karanci tarihin Manzon Allah (SAW) ya san labarin Bahira, rahibin nan na ƙasar Sham. To, ita wannan al'ada ta barin gari da dukiya da aure don ibada, mutane da yawa suna zaton Turawa suka ƙago ta. Ba haka ba ne. A Afirka ta yi ƙarfi tun farko, cikin Kibɗawan Masar, manoman bakin kogin Nilu, a zamanin da ƙasar take ƙarƙashin mulkin Rum.

Wanda sunansa ya fi fita shi ne Antoni. An haife shi wajen shekara ta 251 bayan haihuwar Annabi Isa, a wani ƙauye mai suna Koma, gidan masu hali. Bai wuce shekara 20 ba iyayensa suka rasu, suka bar masa ƙanwa guda da gonaki kusan hekta 80. Wata rana a majami'a ya ji ana karanta wurin da Linjila ta yi zancen sayar da dukiya a ba matalauta. Sai ya ɗauka da shi ake. Ya bar wa mutanen ƙauye gonakin, ya danƙa ƙanwarsa ga waɗansu mata masu ibada, ya koma bayan gari. Daga nan ya shiga wani tsohon kabari, daga bisani ya ƙetare Nilu ya kulle kansa cikin kangon wani sansanin soja a Pispir, shekara kusan 20. Sau biyu a shekara ake kawo masa busasshen burodi.

A Masar ba sai an yi tafiyar kwanaki ake isa hamada ba. Inda ruwan kogi ya tsaya, nan gona ta ƙare, nan rairayi ya soma. Kuma tun kafin Antoni talakawa sun san hanyar. Idan haraji ya yi wa manomi nauyi, sai ya bar gona ya ɓuya. Kalmar da ma'aikatan gwamnati suke rubutawa da Girkanci game da mai gudun haraji, daga tushenta aka samo sunan mai gudun duniya. Saboda haka hukuma ba ta kalli abin da idon rahama ba. Tsakanin 370 da 373 sarkin Rum Balens ya ba da doka cewa duk wanda ya tsere wa aikin da garinsu ya ɗora masa ya fake cikin ruhubanawa, a zaƙulo shi a maido shi, in ya ƙi ya rasa dukiyarsa.

Antoni ya gudu daga mutane, mutane suka bi shi. Da ya fito wajen 305 ya tarar da masu son koyi da shi sun kewaye wurin. Da hayaniya ta yi yawa ya bi ayarin Larabawa zuwa wani dutse kusa da Bahar Maliya, inda akwai idon ruwa da ƴan itatuwan dabino. A nan ya roƙi a kawo masa fartanya da gatari da ɗan iri, ya yi gona, don kada ciyar da shi ya zama wa kowa wahala. Can ya rasu a 356, an ce yana da shekara 105.

Da ba don alƙalami ba da labarinsa ya tsaya a dutsen nan. Atanasiyus, babban limamin Kirista na Iskandariya, shi ya rubuta tarihinsa da Girkanci jim kaɗan bayan rasuwarsa. Atanasiyus malamin tauhidinsu ne, ya ƙare rayuwarsa cikin jayayya da mabiyan Ariyus a kan matsayin Almasihu, har sau biyar ana korarsa daga kujerarsa. Ya zana Antoni a matsayin mutumin da bai yi makaranta ba, mai magana da masanan Girka ta bakin tafinta, amma yana kayar da su. Sai dai akwai wasiƙu bakwai da ake dangantawa ga Antoni, waɗanda suka sa masana na yanzu suke ganin ya fi haka ilimi. Ko ma dai yaya, littafin ya yi tafiya. An juya shi da Latinanci, kuma a 386 a birnin Milan wani ma'aikacin fada ya ba Agustin labarinsa. Shi Agustin ɗan Tagasta ne, garin da ake kira Suk Ahras a Aljeriya yau, kuma labarin nan yana cikin abin da ya sa ya ajiye aikin koyarwa da niyyar aure.

Amma zaman kaɗaici ba ya gina abin da zai daɗe. Wanda ya gane haka shi ne Pakom, mutumin kudancin Masar, wanda aka haifa wajen 292 a gidan masu bautar gumaka. Yana da shekara 20 aka kama shi aikin soja dole. Aka tsare su a wani gari na bakin kogi, sai ga waɗansu mutane da ba su san su ba sun kawo musu abinci da ruwa. Ya tambaya, aka ce masa Kirista ne. Da aka sallame shi ya shiga addinin, ya yi shekaru yana almajirci wurin wani tsoho mai suna Palamon, sa'an nan wajen 323 ya zauna a Tabenisi, wani ƙauye da mutane suka watse suka bari.

Gwajinsa na fari bai yi kyau ba. Tsofaffin littattafan Kibɗawa sun ce ya tara mutane, shi ke dafa musu abinci, shi ke kai musu gona, yana fatan tawali'unsa zai koya musu hali. Su kuwa sai suka raina shi, suna yi masa ba'a shekara da shekaru. Ran da haƙuri ya ƙare ya ɗauki sakatar ƙofa ya kore su ɗaya bayan ɗaya. Da ya sake farawa, da doka ya fara.

Aka kewaye wurin da katanga, ƙofa guda, da mai gadi. A ciki aka raba mutane gida gida, sau da yawa bisa sana'a: masu saƙar tabarma da kwando, masu ɗinki, masu toya burodi, masu jirgin ruwa. Kowane gida da shugabansa da mataimakinsa. Ba mai mallakar kome, tufa ma daga ma'aji ake karɓa. Ana cin abinci tare, ba a magana. Sau biyu a shekara duk gidajen suke taruwa a Pabau, babban masaukinsu: sau ɗaya don idin Faska, sau ɗaya a watan Agusta don kowane shugaba ya kawo lissafin aikin shekara. Hannun tsohon soja ya nuna a cikin wannan tsari.

Dokar da ta fi ban sha'awa ita ce ta karatu. Baƙon da ya zo shiga, sai ya haddace wani abu daga Zabura ko wasiƙun manzanni. In bai iya karatu ba, sau uku a yini zai je gaban wanda aka naɗa ya koya masa, ya tsaya yana koyon baƙaƙe da haɗa su, har ya iya. Dokar ta ce ko ba ya so a tilasta masa, kada a sami ko mutum ɗaya a gidan wanda bai san karatu ba. Yawancinsu kuwa manya ne, manoman da ba su taɓa riƙe alƙalami ba, kuma da harshensu na Kibɗanci suke koyo, ba da Girkancin masu mulki ba.

Annoba ta kashe Pakom a 346. Ya bar gidaje 9 na maza da 2 na mata, ƙanwarsa Maryama ce ta shugabanci na farkon matan. A arewa kuma, a Nitiriya da Wadi Natrun, waɗansu suka bi hanyar tsakiya: kowa da ɗakinsa nesa da na ɗan'uwansa, sai Asabar da Lahadi su haɗu. Basil na Kaisariya, a ƙasar Turkiyya ta yau, ya zo Masar wajen 357 ya ga duka biyun, ya zaɓi zaman tare. Hujjarsa ita ce, mai zama shi kaɗai ba shi da wanda zai yi wa hidima, ba shi da wanda zai gwada haƙurinsa, ba shi kuma da mai nuna masa aibinsa.

Gidajen Pakom sun daɗe da rushewa, amma gidan Antoni na kusa da Bahar Maliya da guda huɗu na Wadi Natrun har yanzu da ruhubanawa a cikinsu. Dokokin kuwa fassara ta fitar da su daga Masar. An fara juya su daga Kibɗanci zuwa Girkanci. A shekara ta 404 Jerom, yana zaune a Baitalami, ya maida su Latinanci saboda waɗansu ruhubanawa na kusa da Iskandariya da ba su jin harsunan nan biyu. Kofen nan ya ƙetare teku, kuma yana cikin abin da Benedik ya amfana da shi a Italiya sa'ad da ya tsara tasa dokar a ƙarni na 6.