Ɗaukewar Numfashi Cikin Barci Ga Wanda Ba Ya Minshari, Da Taimakon Likitan Haƙori

Yau maganarmu a kan wata cuta ce wadda ta ke kama mutum sa'ad da ya ke barci, shi kuwa bai sani ba. Likitoci suna ce mata afniya, mu kuwa sai mu ce ɗaukewar numfashi cikin barci. Ku lura, ba ciwon barci ba ne irin wanda ƙudan tsando ke kawowa. A cikin wannan babu ƙwayar cuta ko ɗaya, hanyar iska ce ta ke toshewa.

Ga yadda abin ya ke. In mutum ya yi barci, naman jikinsa duka ya kan saki, har da harshe da ganɗa da maƙogwaro. Ga yawancin mutane wannan ba kome, iska tana wucewa. Amma ga waɗansu, harshe ya kan koma baya, maƙogwaro ya haɗe, kamar bakin buhun da ba kome a ciki. Ƙirji yana ta ja, iska ba ta shiga. In haka ta kai sakan 10 ko fi, likita ya ƙidaya ta ɗaukewa guda. Jini ya rasa iskar da ya ke bukata, sai ƙwaƙwalwa ta ta da mutum kaɗan, ya ja numfashi, ya koma barci, da safe ba ya tuna kome. Daga sau 5 zuwa 15 cikin awa guda, cutar ƙarama ce. Daga 15 zuwa 30, matsakaiciya. Abin da ya wuce 30 kuwa, mai tsanani ce. To, ku lissafa: mai yin sau 30 a awa, in ya kwanta awa 7, an tashe shi sau 210 ke nan kafin gari ya waye. Ba kuwa cutar 'yan tsiraru ba ce. Wani bincike da aka buga a 2019 ya ƙiyasta mutum miliyan 936 a duniya, masu shekara 30 zuwa 69, suna da ita.

Ba kowa ke minshari ba

Yawancin masu wannan cuta suna minshari, gaskiya ne. Amma minshari ƙara ce kawai, watau karkarwar naman ganɗa sa'ad da iska ke kutsawa ta ƙunci. Ana iya toshewa ba tare da ƙarar ba. Mata da yawa haka su ke, musamman bayan haila ta ɗauke musu: abin da su ke kawowa asibiti shi ne gajiya, da rashin barci, da ciwon kai da safe. Haka kuma siririn mutum mai ƙaramar haɓa wadda ta koma ciki, ko da ba shi da ƙiba ko kaɗan. Wanda aka yi wa aiki a ganɗa a asibiti don maganin minshari, ƙarar tana iya tafiya cutar kuwa tana nan. Sa'an nan akwai mai kwana shi kaɗai, kamar masunci a sansanin su ko direba a tasha, wanda ya ke rantsuwa ba ya minshari alhali ba wanda ya taɓa saurarensa.

Akwai kuma iri na biyu, wanda ya kamata ku riƙe da kyau. A cikinsa hanya a buɗe ta ke, amma ƙwaƙwalwa ce ba ta aika wa ƙirji saƙo ya ja numfashi. Mutum ya yi shiru ɗif, ƙirji ma ba ya motsi. Wannan iri ya kan zo ba tare da minshari sosai ba. An fi ganinsa ga mai ciwon zuciya, da wanda ɓarin jikinsa ya taɓa shanyewa, da masu shan ƙwayoyi irin su taramol da kodin. Ba abin da likitan haƙori zai sa a baki ya yi maganin wannan.

To, in ba minshari, da me za a gane? Mutum ya kwana amma ya tashi kamar bai kwanta ba. Baki a bushe, kai yana sarawa. Ya tashi fitsari sau uku ko huɗu kowane dare. Wani lokaci ya farka a firgice kamar an shaƙe shi, a ce dannau ne ko iska. Da rana kuwa gyangyaɗi: cikin hira, cikin huɗubar Juma'a, har a bakin aiki. Ga mantuwa, ga saurin fushi, ga hawan jini wanda ba ya jin magani.

A nan ƙasar Yauri abin yana da wurin ɓuya. Masunci ya kwana a kan ruwa yana jan taru, in ya yi gyangyaɗi da rana kowa ya ce sana'a ce. Manomin albasa a Shanga ya ce ban ruwa ne ya gajishe shi. Amma ku duba mai tuƙa jirgin ruwa mai inji, cike da mata da yara ran kasuwar Wara ko ta Yelwa, ko direban da ya ɗauki hanyar Kontagora, ko ta Koko zuwa Jega. In barci ya sace shi na sakan 5, ba ransa kaɗai ke hannunsa ba. In kuwa aka bar cutar shekara da shekaru, tana ƙara haɗarin hawan jini, da ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki.

Awo kafin magani

Mai ɗakin da ke da girki ita ce shaida ta fari. Ta zauna rabin awa ta dubi maigida yana barci: numfashi yana tsayawa? In ya tsaya, ƙirji yana ta ƙoƙarin ja, ko kuwa shiru ya ke? In akwai waya, a ɗauki hotonsa mai motsi a nuna wa likita. Haka maigida zai yi wa matarsa. Sa'an nan a tafi Babban Asibitin Yauri, a auna jini, a duba hanci da maƙogwaro. Daga nan likita ya tura mutum Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda akwai likitocin hanci da maƙogwaro da na haƙori da muƙamuƙi. Ainihin awon kuwa, na dare guda ne. A kan maƙala wani ɗan abu a yatsa mai auna iskar jini, a ɗaura ɗamara a ƙirji, a sa siririn bututu a bakin hanci, mutum ya kwana da su. Ba a yinsa a ƙananan asibitoci, wani lokaci ma sai an dangana da Abuja ko Ikko. Na san tafiyar da tsada. Amma awon nan ne kaɗai zai nuna ko wane iri ne, da kuma tsananinsa.

Maganin da ya fi ƙarfi shi ne injin da a ke kira CPAP, wanda wani likita, Colin Sullivan, ya bayyana a birnin Sidni ta Ostareliya a 1981. Yana hura iska ta hanci dare duka, ya riƙe maƙogwaro a buɗe. Ga mai cuta mai tsanani shi a ke fara ba shi. Sai dai yana da tsada, waɗansu ba su iya jure abin a fuskarsu, yana kuma son wutar lantarki tun daga kwanciya har asuba. Mu da ke bakin tafkin Kainji, tun 1968 madatsar nan ta ke ba ƙasa wuta, amma kun san yadda wutar ta ke a garuruwanmu, balle ƙauyukan gungu. In ba a haɗa da batir ko farantin hasken rana ba, injin ya zama kayan ado.

Abin da likitan haƙori ke yi

Harshe a jikin muƙamuƙin ƙasa ya ke. In aka jawo muƙamuƙin gaba kaɗan, harshe ya biyo shi, bayan maƙogwaro ya buɗe. Ku gwada yanzu: ku turo haƙoran ƙasa gaba har su wuce na sama, ku ja numfashi, za ku ji hanya ta ƙara faɗi. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1902 wani likita a Faransa, Pierre Robin, ya yi wa yara masu ƙaramar haɓa irin wannan abu.

Na yanzu, bari mu kira shi mariƙin muƙamuƙi, da roba mai tauri a ke yinsa, gida biyu, ɗaya ya hau haƙoran sama ɗaya na ƙasa, da ɗan maɗauri tsakaninsu. Likitan haƙori ya kan ɗauki siffar haƙoranka da wani kwaɓi mai laushi, a zuba naka kai kaɗai. Da dare ka sa, da safe ka cire. Ba a jawo muƙamuƙi gaba ɗaya rana guda, sai a riƙa ƙarawa da kaɗan kaɗan, abin da bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, cikin makonni. A 2015 ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka suka ba da shawara a yi amfani da shi ga babban mutum wanda bai iya jure injin ba ko ya fi son wannan, suka ce kuma wanda aka auna wa mutum, mai maɗaurin da a ke iya gyarawa, ya fi wanda a ke saye a kanti a tsoma a ruwan zafi a ciza. Ya fi amfani ga cuta ƙarama da matsakaiciya. Bai kai injin ƙarfi ba, amma mutane sun fi jure sa shi dare duka. Ba ya son wuta, yana shiga aljihu, masunci ya tafi da shi sansani. A ganina, ga mutanenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Amma fa sai da haƙori. Ana son kamar 8 zuwa 10 masu ƙarfi a sama, haka a ƙasa, da dasashi lafiyayye. Wanda haƙoransa ke girgiɗi, ko dasashinsa ke jini, ko gaɓar muƙamuƙinsa ke ciwo, sai an yi maganin wannan tukuna. Sabo da haka ku daina miƙa baki ga masu cire haƙori a kasuwa, ku riƙe asuwaki da buroshi. Wanda ba shi da isassun haƙora akwai wani na roba mai laushi, mai tsotse kan harshe ya riƙe shi gaba, ko da ya ke mutane da yawa ba su jin daɗinsa.

Da fari yawu ya kan yi yawa, ko baki ya bushe, muƙamuƙi ya yi tsami da safe. Yawanci wannan ya kan wuce. Abin da ba ya wucewa shi ne, bayan shekaru haƙora su kan gusa kaɗan, cizo ya sake. Don haka a koma wa likitan haƙori bayan wata 6, daga nan shekara shekara. A wanke shi da ruwan sanyi da buroshi. Ruwan zafi yana lanƙwasa shi, haka ranar bazara in an bar shi a gaban mota.

Yanzu ga maganar da ta fi shafar wanda ba ya minshari. Mai minshari, in ya sa mariƙin ƙarar ta ɗauke, gida ya san an sami canji, ko da ya ke wannan ma ba tabbaci ba ne. Kai da ba ka yi tun fari, shiru ka ke jiya, shiru ka ke yau, ba mai iya gaya maka ko abin yana aiki, ba kowa kuwa ya ke yi wa aiki ba. Tilas ne a sake awon dare da mariƙin a bakinka. Wanda ya ce zai yi maka shi ba awo gaba, ba awo baya, kada ka ba shi kuɗinka.

In haɓa ta koma ciki ƙwarai, sauran dabaru kuma sun kasa, likitocin muƙamuƙi su kan yi babban aiki, su jawo ƙashin sama da na ƙasa gaba. A asibitin koyarwa kaɗai a ke yin irinsa. Yara kuwa, yawanci ƙululun nan biyu na cikin maƙogwaro da naman bayan hanci ne su ke girma su toshe hanya, likitan maƙogwaro ke cire su. Yaron da ganɗarsa ke da ƙunci, likitan haƙori yana iya sa masa abin da zai faɗaɗa ta sannu sannu tun ƙashi bai ƙosa ba. Kada a kai wa wanzami ya yanke beli da sunan maganin wannan. Ba ya warkar da ita, ga zubar jini, ga haɗarin ciwon sandarewa.

Kafin ka sami zuwa asibiti, ka kwanta a gefe, ba rigingine ba. In kana juyawa cikin barci, a ɗinka ƙwallon goruba a bayan rigar da ka ke kwana da ita. Mai ƙiba ya rage. A bar giya da taba da ƙwayar sa barci. In hunturu ya toshe hanci, a nemi maganinsa. Wanda kuwa barci ya taɓa sacewa yana riƙe da sitiyari ko injin jirgi, ya ba wani ya tuƙa har likita ya gan shi.

Makon gobe, in Allah ya kai mu, za mu yi magana a kan tsargiya da wankan yara a bakin tafki. Mu kwana lafiya.