Ɓacewar fayiloli a kwamfuta bayan ɗauke wuta

A garuruwan Wurno da Rabah da Goronyo na gabashin jihar Sakkwato, kamar sauran wuraren da wutar lantarki ba ta da tabbas, masu shagunan buga takardu da ɗalibai kan gamu da wata matsala mai tayar da hankali.

Wuta ta ɗauke ko janareto ya mutu kwamfuta na tsakiyar aiki, idan aka sake kunna ta sai a tarar da jakar ajiyar fayiloli wayam.

Sau da yawa fayilolin na nan, hanyar isa gare su ce ta toshe.

Akan raba faifan ajiyar kwamfuta sashe-sashe, kamar ɗakuna a gida ɗaya. A kwamfutoci masu aiki da Linux, wasu kan ware wa jakar mai kwamfuta, wadda ake kira /home, sashenta daban.

Duk lokacin da aka kunna na'urar, takan duba wani jeri mai suna fstab domin ta haɗa kowane sashe a mazauninsa. Idan wuta ta yanke ana cikin rubutu a faifan, tsarin sashen na iya samun tangarɗa, sai na'urar ta kasa haɗa shi, ta nuna jakar babu komai, ko ta tsaya a baƙin allo. Haka ma idan an sauya faifai, lambar shaidar sashen ta saɓa da wadda ke cikin jerin.

A Windows kuwa, wadda aka fi amfani da ita a shaguna, sashen D ne kan ɓace idan ya rasa harafinsa, kuma ana iya mayar masa da shi ta Disk Management.

Ga mai Linux, matakin farko shi ne umarnin lsblk, wanda ke lissafa sassan da ke faifan. Muddin sashen ya bayyana da girmansa, akwai kyakkyawan fata. Umarnin fsck kan gyara tangarɗar, amma ba a aiki da shi a kan sashen da ke haɗe, kuma ya fi kyau a fara kwafe abin da ya samu zuwa wani faifan.

Babban haɗarin shi ne gaggawar yin fomatin. Windows kan ba da wannan shawara idan ta ga sashen da ba ta gane ba, har da na Linux mai ƙoshin lafiya, kuma amincewa da ita na iya jawo asarar aikin shekaru. Manhajar TestDisk, wadda ake samu kyauta, kan gano sashen da ya ɓace matuƙar ba a rubuta wani abu a kansa ba.

Sai dai idan faifan na ƙara ƙas-ƙas, matsalar ta ƙarfe ce, wadda ƙura da zafin bazara da kan haura digiri 40 a yankin ke iya tsanantawa. A nan kashe na'urar ya fi, a kai ta wurin ƙwararren mai gyara, ko da sai an je birnin Sakkwato.