Ciwon hanci mai daɗewa da asma: me aikin fiɗa yake gyarawa?

A cikin ƙasusuwan fuska akwai ramukan iska iri 4, dama da hagu: a kumatu, a goshi, tsakanin idanu, da can bayan hanci. Kowane rami yana da ƙaramar ƙofa da majina ke fita zuwa hanci. Idan ƙofar ta kumbura ta toshe, majina sai ta taru. Mutum ya yi ta fama da toshewar hanci da nauyin fuska, ya daina jin ƙanshi. Idan haka ta kai mako 12, ciwon ya zama mai daɗewa. Wani lokaci har tsiro mai taushi yakan fito cikin hanci.

Me ya haɗa hanci da ƙirji?

Hanya ɗaya ce daga hanci zuwa huhu. Hanci ne ke tace iska, ya ɗumama ta, ya jiƙa ta. Idan ya toshe, sai a yi numfashi ta baki. Busasshiyar iskar hunturu, ƙurar sussuka da hayaƙin itace su wuce kai tsaye cikin ƙirji. Shi ya sa mai asma da ke da wannan ciwo yakan fi shan wahala.

Magani ne farko

Likita yakan fara ba da maganin fesawa a hanci, da wanke hanci da ruwan gishiri: giram 9 cikin lita 1 na ruwan da aka tafasa ya huce. Sai idan magani ya kasa ake maganar fiɗa.

Yadda ake aikin

Likitan hanci, kunne da maƙogwaro ne ke yin sa a babban asibiti. Yana shigar da siririn bututu mai haske ta ƙofar hanci, ya cire tsiron, ya buɗe ƙofofin ramukan. Ba a tsaga fuska. Kafin aikin, dole asma ta lafa.

Bayan aikin

Da yawa daga cikin masu asma sukan samu sauƙi. Tashin ciwon yakan ragu, kwanciya asibiti ta ragu, barci ya yi daɗi. Amma awon ƙarfin huhu sau da yawa ba ya canzawa sosai. Aikin yana gyara hanci ne, ba ya warkar da asma. Kuma tsiron yana iya dawowa.

Saboda haka, mu kiyaye:

1. Kada a bar maganin shaƙa na asma sai da izinin likita.
2. A ci gaba da wanke hanci da fesa magani.
3. A rufe hanci da rawani ko mayafi lokacin hazo da sheƙar hatsi.
4. Mai asma da tsiron hanci ya tambayi likita kafin ya sha asfirin ko ibuprofen, domin ga wasu suna tayar da ciwon da tsanani.

Idan numfashi ya yi wuya har magana ta gagara, a kai mutum gidan likita nan take.