Kallon rana da ɗaukar hotonta: gaskiya da jita-jita

Rana ba ta kalluwa da ido tsirara, amma maganganu kan dabarun kallonta suna tasowa duk lokacin husufi, kamar na 29 ga Maris 2006 wanda inuwarsa ta ratsa arewacin Najeriya da Nijar ta wuce Chadi da Libiya. A ƙasar Magariya da Dungas ta jihar Damagaram, maganar da ta fi haɗari ita ce ta hazo. Idan ƙurar hunturu ta sauka, rana takan koma farin faifai da ido yake iya jurewa, sai a ɗauka ba ta da illa. Ba haka ba ne. Ƙura tana rage ƙyalli, amma hasken da yake ratsowa ya isa ya ƙone tantanin da ke can bayan ido. Wannan tantani ba ya jin zafi, don haka sai bayan sa'o'i mutum yake ganin tabo a tsakiyar ganinsa. Baƙin tabarau na kasuwa, da gilashin da aka turara da hayaƙi, da tsohon fim ɗin hoton asibiti, da kallon rana cikin kwanon ruwa, duk ba kariya ba ne. Abin da yake kariya shi ne tabarau na husufi mai shaidar ISO 12312-2, ko gilashin masu walda mai lamba 14. Wanda ba shi da ko ɗaya ya dubi ƙasa a gindin dogon yaro: kowane ɗigon haske da ya ratso ganye hoton rana ne.

Batun cewa husufi alamar mutuwar wani babba ne, tun ranar rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) aka kore shi. Wata ne yake shiga tsakanin duniya da rana.

Sai hotunan da suke yawo a wayoyi, na rana mai harsunan wuta a gefenta. Masu cewa haɗin kwamfuta ne suna da 'yar gaskiya ta fuskar launi kawai. Yawanci da kyamarar baƙi da fari ake ɗauka, a tara ɗaruruwan hotuna a zaɓi masu kyau a haɗe, sannan a shafa launin ruwan goro. Harsunan kuwa na gaske ne: iskar haidirojin ce mai zafi da maganaɗisun rana ya ɗaga, wani ya ninka faɗin duniya sau da yawa. Ana ganinsu ta matatar haske wadda take barin jan haske guda, mai zangon nanomita 656.28, ta tare sauran. Zuciyarta madubai ne biyu masu fuskantar juna da ɗan siririn rata a tsakani, dabarar da Charles Fabry da Alfred Perot na Faransa suka fito da ita a 1899. Ƙofar da take buɗewa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na nanomita ba.

Wannan ƙunci shi ya sa dole a saita ta. Sabon shiga yakan ga jan faifai sumul babu komai a kansa, ya ce an sayar masa da lalatacciya. Galibi saiti ne ya kauce. Ana ɗan karkata madubin, ko a ƙara matsin iskar da ke cikin ratar, a hankali, har baƙaƙen zaruruwa su fito a fuskar rana. Zafi yana gusar da saitin, kuma a bazarar Damagaram, inda ake wuce digiri 40, gyaran safe ba ya kai azahar. Hantsi ya fi dacewa, kafin ƙasa ta gasu iska ta fara rawa. Ƙarya ce mai makantarwa a ce matatar haidirojin ta hoton taurari da dare tana aiki a kan rana. Ƙofarta ta fi faɗi nesa ba kusa ba. Ta rana ma ba ta wadatarwa sai da matata ta biyu mai tare ragowar haske.

Harsunan ba su ne suke kawo zafin Afrilu da Mayu ba. Ayyukan rana suna hawa da sauka cikin kimanin shekara 11, amma ƙarfin haskenta yana sauyawa da kusan kashi ɗaya cikin dubu ne kawai. Zafin bazara daga tsayuwar rana a tsakar ka ne a kan busasshiyar ƙasa kafin damina. Abin da yake gaskiya shi ne, fashewar wuta a fuskar rana takan katse rediyon gajeren zango na ɗan lokaci, ta kuma rikita GPS.

Husufin 2 ga Agusta 2027 zai cika a Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya da Masar, inda duhun zai wuce minti 6 a Luksor. A Magariya da Dungas ɓangaren rana ne kawai zai rufe, saboda haka babu lokacin da za a cire tabarau daga farkonsa har ƙarshe.