Mata da tseren mota a cikin hamada

A Matankari da sauran garuruwan Arewa, ba baƙon labari ba ne a ce mace ta shiga gaban maza. A Lugu ne Sarauniya Mangu ta tari sojojin Bule da Shanuwan a shekarar 1899. Amma a fagen tseren mota har yanzu ana gardama: mata su yi tsere tare da maza, ko a ware musu nasu fili?

Ƙasar Nijar ta ga farkon wannan al'amari da idonta. Ran 26 ga Disamba 1978 motoci da babura 182 suka tashi daga Pari za su Dakar, suka ratso ta Agadas da Yamai. 74 kaɗai suka kai. Cikinsu akwai wata Bafaranshiya, Martine de Cortanze, bisa babur. Yashi bai tambaye ta ko ita mace ce ba. A tseren 1997, wanda ya zo Agadas ya koma Dakar, Bajamushiya Jutta Kleinschmidt ta zama mace ta farko da ta ci zango guda, kuma a 2001 ta cinye tseren gaba ɗaya da motar Mitsubishi, maza duka suna bayanta.

To, ina amfanin tseren mata zalla? Masu goyon bayansa suna nuni da na Maroko, Rallye Aïcha des Gazelles, wanda aka fara a 1990. Can ba gudu ake aunawa ba. Da taswira da na'urar nuna arewa ake neman hanya, wadda ta yi kilomita mafi ƙaranci ita ce ta ci. Macen da ba ta taɓa tuƙi cikin yashi ba tana iya farawa daga nan, wannan kuwa ba ƙaramar riba ba ce. Sai dai ƙofar shiga ce kawai. Mai son a san gwanintarta dole ta kara da kowa, kamar yadda Kleinschmidt ta yi.

Abin da ya fi tare mata hanya shi ne kuɗi, don motar tsere da makanikai da mai duk tsada gare su. Gasar W Series ta mata zalla, wadda aka buɗe a 2019 ba tare da direba ta biya kuɗin mota ba, ta tsaya a 2022 tun kafin ta gama shekarar, saboda asusunta ya ƙare. A 2023 shugabannin Formula 1 suka kafa wata, mai suna F1 Academy, don ƴan mata masu tasowa.