Ibrahim Mahama: Yadda tsofaffin buhunan gawayi suka kai jirgin sama da jirgin ƙasa Tamale

A watan Afrilun 2024, masu wucewa ta cibiyar Barbican da ke tsakiyar birnin Landan sun tarar ginin ya sauya kama. Katafaren ginin kankaren mai launin toka ya wayi gari an lulluɓe gefensa da ke fuskantar tafki da wani ƙyalle mai launin ruwan hoda da shunayya, wanda faɗinsa ya kai kusan murabba'in mita 2,000.

Ba a masana'anta aka haɗa ƙyallen ba. Ɗaruruwan masaƙa da maɗinka ne suka yi aikinsa da hannu a Tamale, babban birnin arewacin Ghana. Saboda girmansa, sai a filin wasa na Aliu Mahama aka samu inda za a shimfiɗa shi a harhaɗa. A jikinsa kuma an ɗinke tsofaffin riguna kusan 100 na batakari, rigar saƙin nan ta mutanen arewacin Ghana wadda ake kira fugu, da aka karɓo daga hannun iyalan da suka daɗe suna sawa.

Aikin, mai suna Purple Hibiscus, ya aro sunansa ne daga littafin marubuciyar Najeriya Chimamanda Ngozi Adichie na 2003. Ya zauna a jikin ginin har watan Agusta, kuma ko mai wucewa a ƙafa yana iya tsayawa ya kalla ba tare da ya sayi tikiti ba.

Mai wannan aiki shi ne Ibrahim Mahama, haifaffen Tamale a 1987. Ba shi ne attajirin nan ƙanin Shugaba John Dramani Mahama ba, suna ne kawai ya zo ɗaya. A watan Disambar 2025 mujallar ArtReview ta Birtaniya ta sanya shi a matsayi na ɗaya cikin jerin mutum 100 mafiya tasiri a harkar fasahar zamani a duniya, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya hau wannan matsayi.

Buhu ma yana da tarihi

Kafin batakari, da buhun algarara aka san Mahama.

Ghana ce ta biyu a duniya wajen noman koko, bayan Côte d'Ivoire, amma buhun da ake zuba kokon ba a ƙasar ake saƙa shi ba. Daga Indiya da Bangladesh ake shigo da shi, a buga masa tambarin hukumar koko ta ƙasar. Idan ya gama wannan aiki sai ya faɗa kasuwa, a zuba masa masara ko shinkafa. In ya tsufa, ya koma hannun masu gawayi.

Kafin ya kai nan, ya sha faci da basilla, ya yi baƙi, 'yan kasuwa sun rubuta sunayensu a jikinsa don kada kaya su cakuɗe a mota, kuma ya sha gumin 'yan dako.

Irin wannan buhun Mahama yake nema. Yakan bai wa 'yan kasuwa sabon buhu ya karɓi tsohon, sannan a farke shi, a ɗinke da sauran 'yan'uwansa har su zama makeken mayafi.

Ya fara wannan ne tun yana ɗalibi a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah da ke Kumasi, inda ya yi digirin farko da na biyu a fannin zane da sassaƙa. A sashen akwai malamai, musamman karî'kachä seid'ou, da suka dage cewa aikin fasaha bai kamata ya tsaya a cikin zauren da masu kuɗi kaɗai ke shiga ba. Ɗalibansu sun riƙa baje ayyukansu a kasuwanni da tashoshi da gine-ginen da aka yi watsi da su. Mahama ya lulluɓe gadoji da rumfunan kasuwa, daga baya a 2016 ya lulluɓe babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da ke Accra.

Ga ɗan arewacin Ghana, buhun ba baƙon abu ba ne. Koko a kudu ake noma shi, amma tun zamanin mulkin mallaka Turawan Birtaniya suka mayar da arewa wurin ɗibar leburori zuwa gonaki da ma'adinan kudu. Har yau 'yan mata daga arewa na zuwa Accra da Kumasi yin dako a ka, waɗanda ake kira kayayei. Cikin irin waɗannan 'yan ci-rani ne Mahama ya riƙa samun masu taya shi ɗinki.

Daga Kumasi zuwa Venice

Shekarar 2015 ce ta fito da sunansa duniya. A birnin Venice na Italiya ake gudanar da bikin baje kolin fasaha da ya fi kowane biki irinsa daɗewa, wanda aka fara tun 1895, ana yin sa duk bayan shekara biyu. A wannan karon, an damƙa tsara bikin a hannun Okwui Enwezor, haifaffen Calabar a Najeriya, ɗan Afirka na farko da aka bai wa wannan aiki.

Enwezor, wanda ya rasu a 2019, ya gayyaci Mahama, lokacin bai kai shekara 30 ba. Shi kuma ya lulluɓe dogayen bangaye biyu na wani lungu a tsohuwar ma'aikatar ƙera jiragen ruwa ta Arsenale da buhuna tun daga sama har ƙasa. Masu kallo ta tsakiya suke bi, buhu dama buhu hagu, a cikin birnin da ya yi arzikinsa da fataucin teku.

Daga nan sai ƙofofi suka buɗe. A 2017 ya shiga bikin Documenta da ake yi duk bayan shekara biyar a birnin Kassel na Jamus, inda ya lulluɓe tsofaffin gine-gine biyu na masu gadin ƙofar gari. A 2019 ya yi wa gine-ginen karɓar kuɗin shiga na Porta Venezia a birnin Milan irin wannan lulluɓi. A shekarar ce kuma ya gina wata majalisa da tsofaffin kujerun jirgin ƙasan Ghana a gidan baje koli na Whitworth da ke Manchester, ya kira ta Parliament of Ghosts, wato majalisar fatalwa.

Duk a 2019 Ghana ta buɗe rumfarta ta farko a bikin Venice. Mahama na cikin mutum shida da suka wakilci ƙasar, tare da El Anatsui, dattijon da ya shafe shekaru yana koyarwa a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, wanda ya shahara da haɗa manyan ayyuka da marafan kwalabe.

Wa ke kallo, wa ke cin riba?

Akwai matsalar da ta daɗe tana bin masu fasahar Afirka da suka yi suna. Kayan aikin daga gida ake samo su, hannun da ya yi aikin na gida ne, amma a Landan ko New York ko Paris ake baje su, a can ake sayar da su, a can ake ajiye su. Mai gawayin da ya ba da buhunsa ko matar da ta ɗinka shi, samun bizar zuwa kallon aikin ma wani dogon zance ne.

Shi ma Mahama bai tsira daga tambayoyi ba. Aikin da ɗaruruwan hannaye suka yi, sunan mutum ɗaya yake ɗauka. Buhun da alamar talauci ke jikinsa kuma, a bangon attajiri yake ƙarewa.

Ya kuma ɗanɗana zafin kasuwar tun da wuri. A 2015 wasu dillalan kayan fasaha biyu sun kai shi ƙara kotu a Amurka, bayan ya ce bai amince a ɗauki wasu gutsattsarin buhuna da suke sayarwa ɗaiɗai a matsayin ayyukansa ba. Shi ma ya shigar da tasa ƙarar, kafin a sasanta a wajen kotu a 2016.

Amsar da ya bayar ga waɗannan tambayoyi ba ta baki ba ce. Kuɗin da yake samu daga cinikin ayyukansa, waɗanda gidan White Cube na Landan ke cikin masu sayarwa, ya riƙa kwasowa yana zubawa a Tamale, mai nisan kimanin kilomita 600 daga Accra.

Cibiyoyi uku a gari ɗaya

Ta farko ita ce Savannah Centre for Contemporary Art, wadda aka buɗe a watan Maris na 2019. Bai buɗe ta da aikinsa ba. An fara ne da baje kolin ayyukan Kofi Dawson, wani dattijon mai zane ɗan Ghana da ya shafe shekaru yana aiki ba tare da an tattara ayyukansa wuri ɗaya an nuna wa jama'a yadda ya kamata ba.

Ta biyu ita ce Red Clay, da aka buɗe a 2020 a bayan gari. Manyan zaurukan an gina su ne da jan bulo, kuma a filin wurin ne aka jera tsofaffin jiragen sama da Mahama ya saya bayan sun daina tashi. A kan manyan motoci aka ɗauko su zuwa arewa, aka mayar da cikinsu azuzuwan da yara ke koyon zane da sauran darussa.

Bayan jiragen sama sai taragon jirgin ƙasa. Layin dogon da Turawa suka shimfiɗa a Ghana an yi shi ne don kwasar zinariya da koko da katako zuwa bakin teku, kuma bai wuce Kumasi ba. Jirgin ƙasa bai taɓa zuwa Tamale a kan dogo ba. Tsofaffin taragon da Mahama ya sayo daga kudu, a bayan mota suka iso, kuma su ne jirgin ƙasan farko da yara da dama na yankin suka taɓa shiga.

Ta uku ita ce Nkrumah Volini, da aka buɗe a 2021. Wani katafaren rumbun kankare ne cikin waɗanda gwamnatin Kwame Nkrumah ta fara ginawa don ajiyar amfanin gona, aka yi watsi da su bayan juyin mulkin 24 ga Fabrairun 1966. Fiye da shekara 50 ginin yana tsaye babu mai amfani da shi sai jemagu. Mahama ya saye shi, aka kwashe ƙasa da sharar da suka cike shi, aka buɗe wa jama'a. Jemagun kuma ba a kore su ba.

Shiga waɗannan wurare kyauta ne, kuma makarantu na kai ɗalibansu. A yanzu masu tsara baje koli daga Turai da Amurka kan yi tattaki zuwa Tamale, garin da a da ba ya cikin lissafin masu wannan harka.

Sai dai akwai abin dubawa. Cibiyoyin sun dogara ne ƙwarai da aljihun mutum ɗaya, aljihun kuma ya dogara da kasuwar da ke hawa da sauka a ƙasashen waje. Ranar da masu saye suka juya ga wani sabon suna, albashin ma'aikata da gyaran rufi da kuɗin wuta ba za su jira ba. Ko cibiyoyin za su iya tsayawa da ƙafarsu bayan wanda ya kafa su, wannan ce jarrabawar da ke gabansu.

Abin da ya shafi ƙasar Hausa

Tamale ba nesa take da Bahaushe ba. Garin na da zangon Hausawa, kuma Salaga, kasuwar da fataken Kano da Katsina suka riƙa zuwa sayen goro a ƙasar Gwanja, tana kudu maso gabas da ita.

Buhun ma sananne ne. Da irinsa aka gina dalar gyadar Kano, wadda ita ma jirgin ƙasa ya riƙa kwashewa zuwa Legas a fita da ita. Dalar ta ɓace, sai a hotuna. Masaƙun Kakuri a Kaduna da suka ɗauki dubban ma'aikata, yawancinsu sun rufe, gine-ginen na nan a tsaye.

Masu fasaha kuwa arewacin Najeriya bai rasa su ba. A Zariya ne, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar da ta sauya alƙiblar zanen zamani a Najeriya, a kwalejin da daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello. Har yau sashen na yaye ɗalibai, amma manyan gidajen baje koli da masu saye a Legas suka fi taruwa, sai Abuja, don haka mai neman ci da sana'ar yakan bi su can.

Abin da ya faru a Tamale ya nuna cewa ba dole sai gari ya zama babban birnin ƙasa kafin a yi baje kolin da duniya za ta zo kallo ba. Ya kuma nuna cewa abin da aka yar, buhu ne ko rumbu ko tarago, yana iya zama wurin da yaro zai koyi tarihin garinsu.

A Landan an sauke ƙyallen Barbican tun watan Agustan 2024, ginin ya koma launin tokarsa. A Red Clay kuwa jiragen na nan a kan jar ƙasa, ƙofofinsu a buɗe, 'yan makaranta na hawa suna sauka.