Rijiya Ta Bayar, Guga Ya Hana: Takaddamar Buɗaɗɗiyar Manhaja Da Masu Ƙera Na'urorin Hannu

Bisa al'adar ciniki, da zarar mai saye ya biya kuɗi ya karɓi kaya, hannun mai sayarwa ya fita ke nan. Wanda ya sayi keken ɗinki ko injin niƙa yana da ikon ya kwance shi, ya sauya masa kayan gyara, ya kai wa makanikin da ya ga dama, ko ya sayar da shi ga wani. Amma wayar salula da sauran ƙananan na'urorin hannu sun zo da wani salon ciniki wanda har yanzu dokokin ƙasashe da dama ba su gama warware shi ba. Mutum ya biya, ƙarfe da gilashi sun zama nasa, alhali kuwa mabuɗin abin da ke tafiyar da su yana nan a hannun kamfanin da ya ƙera.

Abin da ake takaddama a kansa shi ne manhajar tushe, watau jerin umurnin da ake dasawa a cikin na'ura tun daga masana'anta. Ita ce ke fara aiki idan an kunna na'urar, ita ce kuma ke gaya wa allo da batir da kyamara abin da za su yi. A yawancin wayoyin yau akwai wani ɗan sashe nata da ke aiki kamar maigadi a bakin ƙofa. Kafin ya bar kowace manhaja ta tashi, sai ya duba ko tana ɗauke da hatimin kamfanin. In babu hatimi, wayar ba za ta tashi ba, ko da kuwa manhajar da aka kawo ta fi ta kamfanin kyau.

Abin mamaki a nan shi ne, galibin waɗannan na'urori an gina su ne a kan manhajar da aka rubuta musamman domin kada a kulle ta. Idan ba a manta ba, a 1983 ne wani masanin kwamfuta na Amurka, Richard Stallman, ya ƙaddamar da shirin GNU, bayan ya ɗanɗana takaicin wata na'urar buga takardu a cibiyar MIT wadda ya kasa gyara manhajarta saboda an hana shi ganin asalin rubutunta. Daga nan ne aka fito da lasisin GPL a 1989, wanda sharaɗinsa yake a fili: kowa na iya ɗaukar manhajar, ya karanta, ya gyara, har ya sayar, muddin dai zai ba wanda ya karɓa daga hannunsa irin wannan 'yanci tare da asalin rubutun. A 1991 wani ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara rubuta Linux, daga baya ya sanya ta ƙarƙashin wannan lasisi. A kan Linux ɗin ne kamfanin Google ya gina Android, wadda wayarta ta farko ta shiga kasuwa a 2008, kuma a yau take tafiyar da kimanin bakwai cikin kowace goma na wayoyin zamani a duniya.

Ta fuskar tattalin arziki, dalilin da ya sa kamfanoni suka rungumi wannan manhaja ba ɓoyayye ba ne. Aiki ne na dubban masana na tsawon shekaru, wanda da a ce kowane kamfani shi zai yi nasa daga tushe, da kuɗin bincike kaɗai ya kori ƙananan masana'antu daga kasuwa. Arahar wayoyin da suka cika kasuwanninmu tana da nasaba kai tsaye da wannan gado. Sai dai kamfanonin sun so su ci moriyar gadon ba tare da sun saki ragamar abin da suka sayar ba.

Kamfanin TiVo na Amurka, mai ƙera na'urar naɗar shirye-shiryen talabijin, shi ne ya yi suna wajen nuna yadda ake yi. Ya yi amfani da Linux, ya kuma wallafa asalin rubutun kamar yadda lasisi ya tanada, amma ya sa na'urarsa ta ƙi karɓar duk wata manhajar da aka gyara. Ga rubutu nan kowa ya karanta, ya gyara in ya so, amma ba shi da inda zai sa shi. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Domin toshe wannan ɓaraka ne aka fitar da kashi na uku na GPL a watan Yunin 2007, wanda ya wajabta wa mai ƙera kayan amfanin jama'a ya ba mai saye hanyar ɗora gyararriyar manhaja. To amma Torvalds ya ƙi yarda, yana mai ganin cewa abin da lasisi ya kamata ya nema shi ne a dawo da rubutun da aka gyara, ba ya tsoma baki a kan yadda wani zai ƙera na'urarsa ba. Linux ta tsaya a kan kashi na biyu har yau. Sauran sassan Android kuwa an sake su ne ƙarƙashin lasisin Apache, wanda bai ma tilasta wa kamfani ya bayyana gyare-gyarensa ba. Wannan saɓani na 2007 shi ne ya sa kulle waya bai saɓa wa lasisin komai ba.

Akwai misalin da ke nuna abin da kan faru idan aka buɗe. A 2003 aka gano cewa na'urar rarraba intanet ta Linksys mai lamba WRT54G tana amfani da Linux, aka matsa wa kamfanin lamba har ya saki rubutun. Daga wannan rubutu ne aka haifi OpenWrt a 2004, manhajar da ta ba na'urar gida mai araha ikon yin ayyukan da sai manyan na'urori masu tsada ke yi. Maimakon kamfanin ya yi asara, sai kasuwar na'urar ta buɗe, har a 2005 ya fito da wani samfuri na musamman domin masu son ɗora tasu manhajar, ya kuma daɗe yana sayar da shi.

Labarin kalkuletar ɗalibai ta kamfanin Texas Instruments ya bi wata hanya dabam. A 2009 wani mai sha'awar harkar ya bar kwamfutarsa ta gida tana lissafi fiye da wata biyu har ta warware mabuɗin hatimin samfurin TI-83 Plus. Kamfanin ya aika wa waɗanda suka yaɗa mabuɗin da takardun gargaɗi, yana dogaro da dokar haƙƙin mallaka ta DMCA wadda Amurka ta kafa a 1998, wadda sashe na 1201 nata ya haramta karya makullin da aka sa wa manhaja. Ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da na'urori ta EFF ta tsaya musu. Duk da haka, a 2020 kamfanin ya yi amfani da sabunta manhaja ya cire wa samfurin TI-84 Plus CE damar gudanar da wasu shirye-shiryen da ɗalibai ke rubutawa, bisa hujjar hana maguɗin jarrabawa. Haka Sony ya yi a Afrilun 2010 da na'urar wasanninsa ta PlayStation 3, ko da yake ita ba ta hannu ba ce: ya sayar da ita da damar ɗora Linux, daga baya ya janye damar daga na'urorin da ke ɗakunan mutane. A nan ne ɗan kasuwa ya kamata ya nutsu, domin kayan da za a iya rage musu amfani bayan an biya kuɗinsu, darajarsu a littafin kadara ba tabbatacciya ba ce.

A ɓangaren wayoyi, ƙofar sai ƙara tsukewa take yi. Huawei ya daina ba da lambar buɗe wayoyinsa a 2018. Xiaomi, wanda a da masu wannan sana'a ke yabo, ya gindaya sharuɗɗa masu tsauri da jiran kwanaki. A 2025 masu amfani da Samsung suka tarar an cire zaɓin buɗewa daga manhajar One UI 8. Tun kafin haka ma, wayoyin Samsung na ɗauke da wani ɗan fis na tsarin Knox wanda ke ƙonewa da zarar an ɗora baƙuwar manhaja, kuma ba ya gyaruwa, sai wasu ayyukan wayar su tsaya har abada. Wanda ma ya yi sa'ar buɗe tasa, yana iya tarar da manhajar banki ta ƙi aiki, saboda tana tambayar Google ko wayar tana nan yadda aka ƙero ta.

Adalci ne a faɗi hujjar kamfanonin, domin ba duka ce ta son zuciya ba. Waya a yau asusun banki ce, kuma wayar da kowa zai iya sauya mata manhaja, ɓarawo ma zai iya. Kulle yana rage wa satacciyar waya daraja. Daɗin daɗawa, cinikin waya bashi, irin wanda kamfanin M-KOPA da ya faro daga Kenya da takwarorinsa ke yi, ya dogara ne kacokan a kan ikon rufe wayar idan mai ita ya daina biya. Ba don wannan makulli ba, da babu mai ba talaka waya ba tare da jingina ba. Akwai kuma dokokin hana na'ura wuce ƙarfin zangon rediyon da aka ƙayyade mata. Sai dai a kan wannan hujja ta ƙarshe akwai abin lura: a 2016 TP-Link ya toshe na'urorinsa yana kafa hujja da dokokin hukumar sadarwa ta Amurka, amma a cikin wannan shekarar hukumar ta ci shi tarar dala 200,000 kan saɓa ƙa'idar ƙarfin zango, ta kuma sa shi ya amince zai haɗa kai da masu rubuta buɗaɗɗiyar manhaja.

Inda hujjar tsaro ke rauni shi ne ranar da kamfani ya daina sabunta manhajar wayar. Google ya yi wa Pixel 8 ta 2023 alkawarin shekara bakwai, Samsung ma ya yi wa Galaxy S24 ta 2024 haka, amma waɗannan wayoyin masu hannu da shuni ne. Yawancin masu araha ba su samun ko kusa da haka. Da zarar an daina, wayar na nan lafiya lau a jiki, amma ɓarakar da ke cikin manhajarta ba mai toshewa, mai ita kuma an hana shi ɗora LineageOS ko makamanciyarta, waɗanda masu aikin sa kai ke sabuntawa. Makullin da aka ce na kare shi ne, yanzu ba abin da yake karewa face cinikin sabuwar waya.

A nan ne lamarin ya shafe mu kai tsaye. Tun da aka fara wayar GSM a Nijeriya a 2001, wata babbar sana'a ta tsiro a Computer Village da ke Ikeja, da Farm Centre a Kano, da Banex a Abuja, inda dubban matasa ke cin abinci da gyara, da filashin, da dillancin wayoyin da aka yi amfani da su a ƙasashen waje. Kusan duk wayar da ke hannun ɗan Nijeriya da kuɗin waje aka shigo da ita ko kayan haɗa ta, kuma bayan sakin naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga kimanin naira 460 zuwa fiye da 1,500 a 2024. Kowace shekara guda da aka ƙara wa rayuwar waya, dala ce aka adana. Wayoyin Tecno da Infinix da itel na kamfanin Transsion, waɗanda suka mamaye kasuwar Afirka, galibi suna amfani da ƙwaƙwalwar MediaTek ko Unisoc, kuma rufaffun sassan manhajar waɗannan ƙwaƙwale na daga cikin dalilan da suka sa masu aikin sa kai ba su cika yi musu madadin manhaja ba.

Masu gyara kuwa suna fama da wani makullin na daban, watau ɗaure kayan gyara da lambar waya. A iPhone, idan aka sauya allo ko batir ba ta hanyar da kamfanin ya amince ba, wayar kan fito da gargaɗi ko ta rage wasu ayyuka. Masana tattalin arziki sun daɗe da sanin wannan dabara: a yi gasa wajen sayar da kaya, sannan a yi babakere a kasuwar gyaransu, inda mai saye ba shi da wurin gudu. A Disambar 2017 Apple ya amsa cewa yana rage saurin tsofaffin wayoyi masu gajiyayyen batir ta hanyar manhaja, ya ce don kada su riƙa mutuwa farat ɗaya ne. Faransa ta ci shi tarar yuro miliyan 25 a 2020 saboda bai sanar da masu saye ba, a Amurka kuma ya amince ya biya har dala miliyan 500.

Hukumomi sun fara motsi, amma da rabi-rabi. Jihar Oregon ta Amurka ta kafa doka a 2024 da ta hana amfani da ɗaure kayan gyara wajen toshe masu gyara. Tarayyar Turai kuma, daga 20 ga Yunin 2025, ta wajabta samar da kayan gyaran waya na shekara bakwai da sabunta manhaja na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin. Babu ɗayansu da ya tilasta a miƙa wa mai waya mabuɗinta. A gida, hukumar sadarwa ta NCC ita ke tantance samfurin waya kafin ya shiga kasuwa, hukumar FCCPC kuma dokar 2018 ta ɗora mata kare gasa da haƙƙin masu saye. A ganinmu, abu mafi sauƙi da za su iya nema shi ne a rubuta a jikin kwali shekarar da za a daina sabunta manhajar, da kuma ko ana iya buɗe wayar bayan nan. Kamfanin da ke sayen wayoyi ko na'urorin POS ɗari-ɗari ga wakilansa ba sai ya jira hukuma ba. Yana iya sa waɗannan tambayoyi biyu a takardar kwangila, in ba haka ba ya yi cinikin biri a sama.

Wani sabon fage kuma ya buɗe a Agustan 2025, lokacin da Google ya sanar cewa manhajojin da ake ɗorawa a wayoyin Android masu shaidarsa, har da waɗanda ba daga shagonsa suka fito ba, sai marubucinsu ya yi rajista da shi, farawa da Brazil da Indonesiya da Singafo da Tailan a Satumbar 2026, sauran duniya kuma daga 2027. Masu kula da F-Droid, rumbun buɗaɗɗun manhajoji, sun ce wannan na iya kashe aikinsu. A Nuwambar 2025 Google ya sassauta, ya ce zai bar wa waɗanda suka san kan na'ura wata hanyar ɗora abin da suke so bayan an gargaɗe su.